Zaɓen Ruwa Kafin Shiga Jirgi

Da zarar bazara ta kankama, rana ta fara dukan ƙasa, hankalin mutane yakan koma bakin ruwa. A 'yan shekarun nan abin ya ƙaru ƙwarai. Washegarin Sallah za ka ga motoci sun yi jerin gwano sun nufi Tiga ko Bagauda, mutanen Abuja kuma sun yi cincirindo a tafkin Jabi, kowa yana so a ɗan zaga da shi cikin jirgi ya sha iska. Samarinmu da suka zauna a ƙasashen waje, da waɗanda suka ga abin a waya, har sun fara cigiyar inda za a yi wasan zamiyar ruwa, wato wanda jirgi mai inji ke jan mutum da igiya yana tsaye bisa allo a saman ruwa. Tambayar da aka fi yi mini ita ce: wane tafki ko wane kogi ne ya fi kyau? Amsata ba ta cika yi wa masu tambaya daɗi ba. Su sunan wuri suke so in faɗa, ni kuwa sai in ba su tambayoyin da za su je su yi a bakin ruwan.

Na yi shekaru ina bin ruwayen ƙasar nan, tun daga madatsun Kano har zuwa Yawuri da Jebba, ba don komai ba sai sha'awar shiga jirgi da hira da masunta. Masu iya magana sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To, a kan ruwa kam ido bai san kima ba. Tafkin da ya kwanta luf, ya yi shuɗi, iska na kaɗa ciyawar gefensa, shi baƙo ke yaba wa, kuma sau da yawa shi ne masu wurin ke gudu.

Wasan zamiyar ruwa asalinsa daga Amurka ne. Wani saurayi ɗan shekara 18 mai suna Ralph Samuelson ne ya fara shi a 1922, a tafkin Pepin da ke jihar Minnesota, da falankin katako biyu da igiyar shanya. Wasan yana da sharuɗɗansa. Igiyar takan kai mita 23, jirgin yakan yi gudun kilomita 30 zuwa 50 a awa, a gasar maza har 58. Ana son zurfin ruwan kada ya gaza mita ɗaya da rabi, a kuma sami fili mai faɗin mita 60 wanda babu komai a cikinsa. Mutum uku ne ke yinsa: direba, da mai zamiya, da wani na uku wanda aikinsa kawai ya zuba wa mai zamiyar ido, ya sanar da direba idan ya faɗi. A can inda wasan ya samo asali, babban abin da suke tsoro shi ne sanyin ruwa da cunkoson jirage. Mu namu ruwan da nasa halin, saboda haka littafin da aka rubuta domin tafkunan Minnesota ba zai wadatar da mai shirin shiga Kainji ba.

Tambaya ta farko da nake ba kowa ita ce: mene ne a ƙarƙashin ruwan? Galibin manyan ruwayen da muke kira tafki a Arewa madatsu ne da aka gina a zamaninmu. An kammala Kainji a 1968, Tiga a 1974, Bakolori a 1978, Challawa a 1992. Kafin a tare ruwan, gonaki ne da ƙauyuka da daji a wurin. Tsohon garin Busa yana ƙarƙashin tafkin Kainji, kuma sama da mutum 40,000 aka tayar daga gidajensu saboda ginin madatsar. Mutane sun tashi, amma itatuwa da yawa sun tsaya inda suke. Icen da ke cikin ruwa kuwa ba ya saurin ruɓewa. Kututturan suna nan tsaye har yau, wasu ba su wuce taƙi ɗaya ƙasa da fuskar ruwa ba. Kwalekwalen da ake tuƙawa da hannu in ya ci karo da irin wannan, girgiza kawai zai yi. Jirgi mai inji da ke gudu kuwa yana iya tsagewa, mai zamiyar da ya faɗa a kai kuma tamkar wanda ya faɗo daga kan babur ne ya daki turke.

Wani dattijo daga cikin Gungawa ya taɓa ɗaukata a jirginsa ƙasa da Yawuri. Muna cikin tafiya a fili fetal, babu alamar komai, sai na ga ya rage wuta ya yi kwana mai faɗi. Na ce, "Baba, me ka gani?" Ya nuna da haɓa ya ce, "Ban ga komai ba, ɗana. Kiryoyin bayan garinmu ne a nan, a gindinsu muka yi wasa." Taswirar ƙasan ruwan tana cikin kansa, domin ya taka wurin da ƙafarsa tun yana tudu. Daga wurinsa na koyi dabarar da nake gaya wa kowa: in kana son ka san madatsa, ka je mata a ƙarshen rani, wajen Afrilu ko Mayu, lokacin da ruwa ya janye mitoci da dama. A sannan kututture da duwatsu da tsibiran yashi duk suke bayyana. Ka lura da inda suke, ka daidaita su da wata alama a tudu. In ruwa ya cika da kaka, ka san inda za ka bi.

Bayan itatuwa akwai kayan masunta. Raga da mamari, wato doguwar igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, sukan kwana a ruwa, kuma alamarsu ba ta wuce ɗan guntun gora ko robar ruwa da ke yawo a sama. Farfelar inji tana naɗe raga nan take, ƙugiya kuma ba ta bambanta kifi da ƙafar mutum. Ban da haɗarin, wannan raga jarin wani magidanci ce, da ita yake ciyar da iyalinsa. Haka nan igiyar ruwan da jirgi mai gudu ke tayarwa tana iya kifar da kwalekwalen da ya ɗauko mata da kaya daga kasuwa. Duk ruwan da yake hanyar fito ce ko wurin su, ba filin gudu ba ne, komai kyansa.

Kogi kuma nasa sha'anin daban ne. Yashi yana tafiya, inda yake da zurfi bara bana sai ka tarar da tudu. Kwara tana cika sau biyu a shekara. Akwai cikar damina wajen Agusta zuwa Oktoba, mai jan ruwa gauraye da laka. Akwai kuma wata cikar da ke zuwa tsakiyar sanyi, ruwan saman da aka yi a tsaunukan Gini ne, wanda ya daɗe yana ratsa fadamun Mali kafin ya iso Yamai ya gangaro Najeriya. Baƙo yana ganin babu gajimare a sama sai ya ɗauka kogi ya yi sanyi, alhali ƙarfinsa yana nan. Ga kuma madatsu: idan aka buɗe ƙofofin Kainji ko Jebba ko Shiroro, ruwan da ke ƙasa da su yakan tashi ba tare da ɗigon ruwan sama ba. Mutanen gaɓar Binuwai sun san abin da sakin ruwan Lagdo ta Kamaru ke nufi, sun gani a 2012 da 2022. Saboda haka ni a wurina kogi na yawon jirgi ne a hankali, tare da matuƙi ɗan wurin. Kusa da bangon madatsa kuwa, sama ko ƙasa, ba wurin zuwa ba ne sam, domin akwai jan ruwa a ƙarƙashi wanda ba ya nuna kansa a sama.

Tambaya ta biyu ita ce ta fi damuna, domin illarta ba ta bayyana ranar da aka shiga ruwa: shin akwai tsargiya a wurin? Tsargiya, wadda wasu ke kira fitsarin jini, tsutsa ce ke kawo ta. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara gano tsutsar a Alƙahira a 1851. Mai ciwon yakan zubar da ƙwanta cikin fitsari ko bahaya. In ƙwan ya shiga ruwa sai ya ƙyanƙyashe, ya nemi wasu ƙananan dodon koɗi da ke maƙale a jikin ciyawar ruwa, ya hayayyafa a cikinsu. Daga nan dubban 'ya'yan tsutsa, waɗanda ido ba ya iya gani, suke fitowa su watsu a ruwa. Ba sai ka sha ruwan ba, kuma ba sai kana da rauni ba. Fata lafiyayya suke hudawa su shiga cikin 'yan mintoci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 250 ne suka buƙaci maganin wannan cuta a 2021, kashi 90 cikin ɗari ko fiye a Afirka, Najeriya kuwa tana sahun gaba.

Wurin da dodon koɗin ke so shi ne daidai wurin da baƙo ke so: gefen ruwa mai kwanciya, marar zurfi, mai ɗumi, inda bado da ƙainuwa da kachala suka yi shimfiɗa. Madatsu da magudanan noman rani sun ƙara masa gida. A nan ne bambancin yawon jirgi da wasan zamiya yake. Mai yawon jirgi yana iya shiga ya fita bai jiƙa ko idon sawunsa ba. Mai zamiya kuwa a cikin ruwa yake fara wasan, yana tsugune ruwa har wuya yana jiran jirgi ya ja shi, kuma ɗan koyo yakan faɗi sau goma kafin ya tsaya sau ɗaya. In daga gaɓa ya fara, a tsakiyar gidan tsutsar ya zauna.

Ɗan wani aminina, yaro ɗan jami'a, ya je yawon shaƙatawa da abokansa wata madatsa, suka yi wanka a gefe na ɗan lokaci. Da daddare ya ji ƙaiƙayi a ƙafafu, washegari ya wuce, ya manta. Bayan wata guda sai zazzaɓi da tari da kasala suka kama shi. Aka ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro, aka ƙara da na taifot, jiki ya ƙi daɗi. Sai da uwarsa ta tuna da zancen madatsar ta gaya wa likita, sannan aka nemi abin da ya kamata a nema. Ya warke sarai. Amma da an bar shi, tsutsar tana iya shekaru a jijiyoyin jini tana zuba ƙwai, ƙwan kuma shi ke yin ɓarna: ya ƙona mafitsara, ya toshe hanyar fitsari har ya taɓa ƙoda, wani nau'in kuma ya taurara hanta ya kumbura saifa. Tsargiyar mafitsara da ta daɗe tana iya kaiwa ga ciwon daji. A jikin mata tana taɓa al'aura da mahaifa, ta jawo zubar jini da ciwo, wani lokaci har da wahalar samun haihuwa, a yi ta maganin sanyi ba a dace ba.

Yadda ake gane ruwa mai tsargiya ba ya buƙatar na'ura. Ka shiga ƙauyen da ke bakin ruwan, ka gaida mutane, ka tambayi malamin asibitin garin ko shugaban makarantar firamare: yaran nan suna fitsarin jini? Ana zuwa raba musu maganinsa a makaranta? A wasu wuraren abin ya zama jiki har ana ɗaukarsa alamar balaga ga yaro namiji, don haka za a ba ka amsa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. In an ce eh, ka san matsayin ruwan. In an ce a'a, kada ka saki jiki gaba ɗaya. Gaskiyar magana, babu wani ruwan daɗi a ƙasar Hausa, tafki ko kogi ko kududdufi, da zan iya rantsuwa cewa ba shi da ita. Dodon koɗin ba ya rayuwa a ruwan gishiri, shi ya sa masu wasan zamiya a bakin teku ba su da wannan damuwa, haka ma mai iyo a kwamin wanka da ake zuba wa sinadarin kashe ƙwayoyin cuta.

Wanda ya ƙudura sai ya yi wasan a madatsa, to ya rage haɗarin gwargwadon iko. Ya hau jirgi daga kwata ko daga gaɓa mai tsabtataccen yashi, nesa da ciyawa da mashaya da wurin wanki. Ya fara zamiyar daga tsakiyar ruwa mai zurfi, domin 'ya'yan tsutsar sun fi yawa a gefe, ko da yake iska na iya kai su ciki. Ya yi da sassafe, saboda sun fi fitowa da rana tsaka. Goge jiki da tawul bayan fitowa yana da kyau, amma ba kariya ba ce da za a dogara da ita. Sannan bayan wata biyu zuwa uku ya je a yi masa gwajin fitsari da bahaya, ko da ba ya jin komai, ya kuma gaya wa likita a fili cewa ya shiga ruwa kaza ranar kaza. Maganin, Praziquantel, yana da sauƙi, ana auna shi da nauyin jiki. Sai dai ba ya kashe tsutsar tana ƙarama, don haka haɗiyarsa washegarin shiga ruwa asarar magani ce.

Akwai kuma masu gida waɗanda suka riga mu zama a ruwan. Dorina tana nan a Kiri ta Adamawa, da Dadin Kowa ta Gombe, da sassan Kwara wajen Yawuri da Ayoru ta Nijar. Da daddare takan fita kiwo, da asuba ta koma ruwa, kuma mai ɗa ba ta haƙuri da jirgin da ya matso. Ƙarar inji ba ta korarta. Masunta sun san gurbin da take kwana da hanyar da take bi, kamar yadda suka san inda kada ke shan hantsi. Tambaya ɗaya ta isa a nuna maka.

Tambaya ta uku ta shafi jirgin da mai tuƙa shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a 2021. Mu kuwa ba ma buƙatar alƙaluma daga nesa. Mutanen Kano ba su manta da 30 ga Nuwamban 2021 ba, ranar da jirgi ya kife a madatsar Watari ta Bagwai da 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa Mauludi, aka rasa rai 29. A watan Yunin 2023 sama da mutum 100 suka rasu a Kwara wajen Patigi, suna dawowa daga biki da daddare. In ka bi labaran irin waɗannan haɗurra, abubuwa uku ne ke ta maimaituwa: lodi ya wuce kima, duhu ya yi, babu rigar ceto. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta sa rigar, amma a kwata da yawa kai ne za ka zama hukumar kanka.

Ni dai ba na shiga jirgin da babu riga ga kowane kai, kuma ina da tawa a mota tare da na yara. Rigar babba ba ta tsare yaro, zamewa yake yi ta ƙasa ya bar ta a sama. Ka ɗaure masa ita, ka kama ta a kafaɗu ka ɗaga. In ta haura haɓarsa da kunnuwansa, ta yi masa yawa. Wanda ya iya iyo ma ya sa, domin gwani ruwa kan ci, kuma wanda kansa ya bugu da gefen jirgi ba ya iyo. Babbar riga da zani da dogon hijabi suna yin nauyi in sun sha ruwa, suna kuma iya naɗewa a farfela, sai a tattare su a ɗaura rigar ceto a kansu. Duk lokacin da mutum yake cikin ruwa kusa da bayan jirgi, a kashe inji ɗungurungum. Kada a bar yara su daɗe zaune a baya inda hayaƙi ke taruwa, akwai iskar guba a cikinsa marar launi marar wari, wadda ke fara wa da ciwon kai da jiri.

Lokaci ma wani ɓangare ne na zaɓen ruwa. Daga fitowar rana zuwa hantsi ruwa ya fi kwanciya. A farkon damina hadari yakan taso daga gabas da yamma liƙis, iskarsa ta riga ruwansa isowa, tafki mai faɗi kamar Tiga ya rikiɗe cikin minti goma. In ka ga gabas ta yi duhu ko ka ji tsawa, ka nufi gaɓa mafi kusa, kada ka ce sai ka koma inda ka taso. Da hunturu kuma hazo kan rufe gaɓa har matuƙi ya rasa alamominsa. A ganina, daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba, ruwa a cike, hadari ya wuce, hazo bai yi kauri ba, shi ne lokacin da ya fi dacewa a kai iyali.

In ƙaddara ta faɗa wani ya nutse, kada wanda bai koyi ceto ba ya faɗa ya bi shi, sau da yawa gawa biyu ake fitarwa. A miƙa masa sanda ko igiya, ko a jefa masa jarka babu komai a ciki a rufe da murfinta. In an fito da shi ba ya numfashi, a bar al'adar nan ta juya shi a kife ko danna masa ciki don a fitar da ruwa, ɓata lokaci ce kuma tana jawo amai ya shiga huhu. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura masa numfashi sau biyar, sannan a riƙa danna tsakiyar ƙirji sau 30 ana hura numfashi sau biyu, har ya farfaɗo ko taimako ya iso. Ko ya tashi yana magana, a kai shi asibiti, domin huhun da ya sha ruwa yana iya rikicewa bayan wasu awowi.

Wasan ruwa ba baƙo ba ne a wurinmu. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo siffarsa ta yanzu tun 1934, ana yin kabanci, ana tseren kwalekwale da ninƙaya da nutso. Amma dubban mutanen da ke tsaye a gaɓar Matan Fada da koma da gora ba sa faɗawa ruwa sai Sarkin Ruwa ya duba ya ba da izini. Wannan tsari na kakanni shi nake roƙon masu jiragen zamani su ara. Kusan duk garin da ke bakin ruwa yana da Sarkin Ruwa ko shugaban masunta. Ka same shi, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Ranka ya daɗe, mu baƙi ne, muna so mu shiga ruwanku, ina ne za mu bi, ina ne za mu kauce wa?" Zai nuna maka, wataƙila ma ya haɗa ka da yaronsa ya zauna a goshin jirgi. Daga nan ka biya ta asibitin garin ka yi tambayar tsargiya, ka ƙirga rigunan ceto, ka dubi gabas. In duk sun yi daidai, ka sami ruwan da kake nema. In ɗaya ya gaza, ka shimfiɗa tabarma a inuwa, ka sayi gasasshen kifi, ka sha iska daga tudu, wata rana ka dawo. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.